Ɗalibin Jami'a da Dogon Hutun Damina a Ƙasar Kiyawa

Dogon hutu, wato tazarar da ke tsakanin jarrabawar ƙarshen zangon karatu na biyu da buɗe sabuwar shekarar karatu, lokaci ne da tsarin jami'a ya ware domin malamai su kammala duba takardu, majalisar jami'a ta amince da sakamako, ɗalibai kuma su koma hannun iyayensu na wasu makonni. A Ingila, inda Nijeriya ta aro wannan tsari, hutun yana faɗowa ne tsakanin watan Yuni da Satumba, lokacin da sanyi ya ja baya mutane suke fita shaƙatawa. A ƙasar Hausa kuwa waɗannan watanni su ne tsakiyar damina, lokacin da aiki ya fi yawa a gona, hatsi ya fi ƙaranci a rumbu, sauro kuma ya fi addabar mutane. Kalandar jami'o'in ƙasar nan ta daɗe da gocewa daga wancan tsari, domin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na shekarar 2020, wanda ya kai wata 9, da na shekarar 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu aka janye ranar 14 ga Oktoba, sun sa kowace jami'a tana cike giɓi ta hanyarta, har wani hutun ya zo da rani, wani kuma ya taƙaita ƙwarai. Duk da haka, da wuya ɗalibi ya gama digiri bai yi wata damina ko wani yanki nata a gida ba, ko dai saboda hutu ko saboda yajin aiki, kuma yadda yake tafiyar da waɗannan kwanaki ya cancanci a dube shi da idon basira kamar yadda ake duban kwanakinsa na aji.

Kiyawa hedikwatar ƙaramar hukuma ce a masarautar Dutse, tana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil da Shuwarin, ta wuce Jama'are da Azare zuwa Maiduguri, kuma akasarin mutanenta da na garuruwan da ke ƙarƙashinta, irin su Andaza da Katanga da Balago, manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, da ma shekaru da dama bayan haka, yaron da ya sami gurbin karatun digiri daga wannan yanki sai ya nufi Jami'ar Bayero ta Kano, ko ta Ahmadu Bello a Zariya, ko ta Maiduguri, ya yi watanni ba a gan shi ba. Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, da jami'ar jiha ta Kafin Hausa a 2013, wadda daga baya aka sa mata sunan Sule Lamido, ya kawo karatun digiri kusa da gida, ta yadda ɗan Kiyawa zai iya barin lacca da azahar a Dutse ya yi sallar la'asar a unguwarsu. Sai dai kusancin hanya bai hana nisan ɗabi'a ba, domin watanni kaɗan na zaman ɗakin kwanan ɗalibai sun isa su canza wa matashi lokacin barcinsa da irin maganarsa da abin da yake ganin ya dace da shi.

Babban abin da ake ji wa ɗalibi tsoro a lokacin hutu shi ne ya zama baƙo a gidan ubansa. Baƙo shi ne wanda ake kai wa abinci ɗaki, ba a sa shi aiki, ba a shawara da shi a kan abin da ya shafi gida, ana kuma lissafin ranar tafiyarsa. Sau da yawa iyaye ne da kansu suke buɗe wannan ƙofa saboda ƙauna da alfahari, sai a ji uwa tana cewa, "A bar shi ya huta, ya sha karatu," ƙanne kuma su riƙa ɗebo masa ruwan wanka suna wanke masa kaya. Wannan karramawa tana da kyau a kwanakin farko, amma ɗalibi mai hankali shi ne zai ajiye ta da kansa tun kafin ta zame masa al'ada, ya tambayi mahaifinsa inda aka kwana a aikin gona, ya karɓi abin da ya kamata ya ɗauka. Idan ya bar ta ta ɗore har ƙarshen hutu, zai koma makaranta bai san buhu nawa ya rage a gida ba, bai kuma san me aka sayar aka biya masa kuɗin rajista ba, alhali sanin waɗannan abubuwa biyu yana daga cikin abin da ke sa mutum ya riƙe karatunsa da gaske.

Aikin farko da ke kan wanda ya dawo shi ne gaishe-gaishe. A cikin watannin da ba ya nan an yi rasuwa, an yi haihuwa, an ɗaura aure, wani ya kwanta ciwo, wani ya dawo daga aikin Hajji, kuma a al'adar mutanen wannan yanki saƙon waya ba ya ɗauke wa mutum nauyin zuwa da ƙafarsa. Ya kamata ya zauna da mahaifiyarsa ta lissafa masa gidajen da ake bin sa ta'aziyya da barka, ya fara da kakanni da baffanni da kawunnai da gwaggwanni, ya kai gaisuwa ga malaminsa na allo da liman da mai unguwa, ya durƙusa inda ake durƙusawa, ya cire takalmi inda ake cirewa. Idan dattijo ya ce masa, "Yaya ruwa?" ya amsa da "Ruwa ya yi gyara," kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ya kuma lura da harshensa, domin cusa Turanci a cikin kowace jimla a gaban wanda bai ji shi ba yana sa mai sauraro ya ji an ƙasƙanta shi, ko da mai maganar bai yi nufin haka ba. Mutanen gari suna auna ɗan jami'a da waɗannan ƙananan abubuwa tun kafin su san abin da yake karantawa, kuma hukuncin da suka yanke a kansa yana shafar ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta, domin uban da ya ga boko ya sa ɗan wani girman kai zai yi jinkirin sakin nasa.

Gona ita ce cibiyar rayuwa a waɗannan watanni. Ana shuka gero da ruwan farko mai ƙarfi, galibi a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, a bi shi da dawa da gyaɗa, daga baya a sa wake a tsakanin kunyoyi, sannan ga riɗi da zoɓo, waɗanda Jigawa take cikin jihohin da suka fi noma su kuma su ne suke kawo wa manomi kuɗi a hannu. Bayan shuka akwai noman firi, wato noman farko da ake yi don kashe ciyawa tun tsiro yana ƙarami, sai maimai, wato na biyu, sai huɗa, inda ake tara ƙasa a gindin shuka da garma ko da shanu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ƙayyadadden lokaci, kuma jinkirin mako guda a noman firi yana iya rage amfanin gona ƙwarai, saboda ciyawa tana riga shuka shan ruwa da taki. A wannan lokaci ne kuɗin ƙwadago yake tashi, tunda kowa yana neman ma'aikata a rana ɗaya, don haka hannun saurayi guda a gida yana da ƙimar da za a iya lissafa ta da naira. A gidajen da har yanzu ake gandu, wato gonar da iyali suke nomawa tare a ƙarƙashin mai gida, ɗalibin da aka biya wa makaranta daga amfanin wannan gandu yana da bashin gumi a kansa, kuma 'yan'uwansa da suka yi noman shekara ba shi suna lura da ko zai fito, ko da ba su ce komai ba. Wanda aka ba shi gayauna, wato ɗan filin da matashi yake nomawa don kansa, zai iya sa riɗi ko wake a ciki, ya bar wa wani ƙaninsa kulawa idan an koma makaranta, abin da aka samu da kaka ya rage masa kuɗin littattafai da na haya.

Tafin hannun da ya yi watanni yana riƙe da biro zai yi kanta a kwanakin farko, baya zai yi ciwo, abokan da ba su bar gona ba za su wuce shi a kunya suna yi masa tsiya. Wannan duk yana wucewa cikin ɗan lokaci. Abin da ya fi wuya shi ne sanin yadda zai shigar da iliminsa cikin aikin ba tare da ya raina na iyayensa ba. Manomin da ya shekara arba'in a gona ɗaya ya san inda ruwa yake kwanciya, da inda ƙasa ta gaji, da irin geron da ya dace da jigawa da wanda ya dace da fadama, kuma babu laccar da za ta ba ɗalibi wannan sani. Amma akwai wuraren da mai karatu yake da amfani na zahiri. Magungunan feshi na ciyawa da na ƙwari suna zuwa da bayani da Turanci a jikin kwalba, wanda ya ƙunshi adadin da za a zuba a ruwa, da kwanakin da za a jira kafin a ci amfanin, da gargaɗin rufe hanci da hannu. Mutane da yawa suna auna maganin da ido, suna feshi ba takalmi, wasu ma suna wanke kwalbar su mayar da ita ta zuba mai ko ruwan sha, alhali gubar ba ta fita da wanki. Ɗalibin kowane fanni zai iya karanta wannan bayani ya fassara shi. Haka nan zai iya bayyana bambancin takin kamfa, mai ɗauke da sinadarai uku da ake rubutawa NPK, wanda ake sawa tun shuka tana ƙarama, da yuriya, wadda ake ƙarawa daga baya kuma take bin iska idan an watsa ta a sarari ba a rufe ta da ƙasa ba. Zai iya gane tsutsar nan mai cin zuciyar masara da dawa, wadda aka fara ganin ta a Afirka ta Yamma a 2016, ya kai rahoto ga malamin gona na JARDA, hukumar aikin gona ta jihar, tun ba ta yaɗu ba. Zai iya tunatar da cewa ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana zubar da iri mai yawan gaske da ke shekaru a ƙasa, don haka a tuge shi kafin ya yi fure. Kuma idan kaka ta zo, zai iya nuna amfanin buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda yake kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska ba tare da an zuba guba ba. Sharaɗin duk wannan shi ne ladabi: a faɗa wa Baba a keɓe, a matsayin shawara, a kuma nemi a gwada a kunya kaɗan kafin a ce a canza gona gaba ɗaya.

Akwai wata ƙaramar hidima da ba a cika kula da ita ba, wato rubuta lissafin gona. Littafi ɗaya na ɗan kuɗi kaɗan, da za a riƙa rubuta ranar shuka, da kuɗin iri da taki da huɗa da ƙwadago, da yawan damin da aka samu, da farashin da aka sayar, zai nuna wa gida a ƙarshen shekara wace gona ce take ciyar da su, wace ce kuma take cin kuɗinsu. Ɗalibin da ya fara wannan ya koya wa ƙaninsa na sakandare ya ci gaba da shi ya bar wa gidan abin da zai daɗe yana amfani.

Bayan gona, sai maganar yadda ake kasa yini. A makaranta jadawalin lacca ne yake tashin ɗalibi yake kwantar da shi, a gida kuwa babu mai kaɗa masa ƙararrawa, don haka wanda bai tsara wa kansa ba waya ce za ta tsara masa. Yinin damina a karkara yana da tsari na kansa: ana fita gona bayan sallar asuba, a tashi idan rana ta take, a huta tsakanin azahar da la'asar, da yamma a koma ko a kula da dabbobi, bayan isha'i a yi hira. Wanda ya raba dare yana kallon TikTok ko yana musu a Facebook da WhatsApp ba zai iya fita da asuba ba, kuma daga nan sauran yinin yake lalacewa. Ga kuma kuɗin data da na caji, waɗanda ba a jin fitarsu saboda kaɗan-kaɗan suke tafiya, amma idan aka tara na wata biyu sukan kai kuɗin mota da guzurin komawa. Mafi muni shi ne cacar ƙwallo ta waya, wadda ta shiga garuruwa da ƙauyuka ba tare da shago ko alama ba; addini ya haramta ta, lissafi ma ya nuna cewa an gina ta ne don kamfani ya ci riba mai yi ya yi asara, kuma ɗalibin da ya sa kuɗin rajistarsa a ciki da fatan ninkawa ya ɗauko wa kansa da iyayensa baƙin ciki. Ita wayar kanta ba laifi ba ce, domin da ita ake sauke littattafai, ake koyon sarrafa kwamfuta, ake neman gurbi a shirye-shirye irin su 3MTT, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa fasahar zamani.

Lokacin da ke tsakanin azahar da la'asar, da kwanakin malka, wato tsakiyar Agusta lokacin da ruwa yake wuni yana zuba ba a fita gona, su ne rabon littafi. Awa biyu a kowace rana, a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, sun fi alƙawarin karatun dare da ba a cikawa. A nan ya kamata a yi maganar sakamako a fili, domin sau da yawa a cikin hutu yake fitowa. Jami'o'in Nijeriya suna auna ɗalibi da matsakaicin maki da ake tarawa tun daga shekarar farko, wanda ake kira CGPA, a kan ma'auni 5: daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya ce, daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba, daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ƙarama. Tunda tarawa ake yi, rauni a shekarar farko yana bin mutum har ƙarshe, kuma gyara shi yana ƙara wuya duk lokacin da aka ƙara aji. Wanda ya faɗi wani kwas, wanda dole ya maimaita shi a shekara mai zuwa tare da sababbin kwasa-kwasai, hutu ne damarsa ta zama da wannan darasi ba tare da matsin jarrabawa ba. Kuma ya faɗa wa iyayensa gaskiya. Ɓoye faɗuwa ga mahaifin da bai iya karanta takardar sakamako ba cin amana ne, kuma yakan kai ga ranar da abokan karatu za su tafi hidimar ƙasa shi yana gida yana ƙirƙiro dalilai. Uba zai yi faɗa na yini ɗaya idan aka gaya masa da wuri, amma da wuya ya manta idan ya ji daga bakin wani bayan shekara biyu.

Koyar da na baya yana daga cikin mafi alherin abin da ɗalibi zai yi da hutunsa, musamman da yake makarantun firamare da sakandare su ma suna dogon hutunsu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB take gudanar da jarrabawarta ta shiga jami'a gaba ɗaya a kwamfuta, darussa 4 a kan maki 400, kuma akwai yara masu ƙoƙari a ƙauyuka da suke zuwa ɗakin jarrabawa ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba, sai ruɗewa ta cinye musu lokacin da ya kamata su yi amfani da shi wajen amsa tambayoyi. Ɗalibin da yake da kwamfutar cinya, ko ma waya mai manhajar gwaji, zai iya cire wa yara goma wannan tsoro a cikin mako biyu. Zai iya bayyana musu darussan da kowane fanni yake buƙata, domin kuskuren haɗa darussa yana hana wasu gurbi ko da sun ci maki mai yawa. Zaure ɗaya da allo da alli sun isa, bayan an nemi izinin mai gida da sanin mai unguwa, kuma idan ɗaliban gari suka haɗu suka raba darussa a tsakaninsu aikin zai yi sauƙi. Mai koyarwa shi ma yana ƙaruwa, domin wanda ya bayyana wa yaro lissafi da Hausa har ya gane ya san lissafin fiye da wanda ya haddace shi don jarrabawa. Haka kuma hutu dama ce ta komawa gaban malamin zaure ko Islamiyya a ci gaba da littafin da aka ajiye, da tilawar da ta yi rauni a makaranta.

Batun kuɗi ba ya barin zuciyar ɗalibi a lokacin hutu, musamman tun bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya ɗaga kuɗin mota da na abinci, jami'o'i da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a tare da ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu ruwa a kai, amma rance ne da za a biya bayan gama karatu, don haka a yi shawara da iyaye kafin a nema, kada kuma a ɗauke shi kyauta. Neman na kai ya fi kwanciyar hankali. Kasuwar Shuwarin da ke ci mako-mako, da kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis, da shagunan Dutse, duk wurare ne da matashi zai iya tsayawa wa wani ɗan'uwa a rumfa, ko ya riƙe na'urar POS, ko ya koyi gyaran waya ko haɗa sola ko ɗinki. Babu abin kunya ga ɗan jami'a a awon hatsi ko ƙwadago a gonar wani. Abin da yake zubar da mutunci shi ne yawon gidajen 'yan siyasa da takardar neman taimako. Waɗanda fanninsu ya wajabta musu horon sanin makamar aiki na SIWES, wanda Asusun ITF ya ƙirƙiro a 1973, su nemi wurin da za su taɓa aiki da hannunsu, kada su nemi inda za a sa musu hannu a littafi suna gida, domin wanda ya yi haka kansa ya cuta.

Hutun ɗaliba ya bambanta da na ɗalibi, kuma adalci ne a faɗi haka. Ita ba a mayar da ita baƙuwa. Tun ranar da ta sauka girki da wanki da rainon ƙanne da kai abinci gona suke jiran ta, har takan rasa awa ɗaya ta buɗe littafi. Taimakon uwa wajibi ne kuma abin alfahari, amma ya kamata ta nemi a ware mata lokacin karatu cikin ladabi, ya kuma kamata yayyenta da ƙannenta maza, musamman waɗanda su ma ɗalibai ne kuma sun san nauyin da ke kanta, su ɗauke mata ɗiban ruwa da aike da faskare. A hutu ne kuma maganar aure take tasowa. Aure da karatu ba sa hana juna, mata da yawa sun haɗa su sun gama lafiya, sai dai a yi maganar ci gaba da karatu a fili tsakanin waliyyai tun kafin a sa rana, kada a bar ta a matsayin alƙawarin zance tsakanin saurayi da budurwa. Ɗaliba tana da wata dama da namiji ba shi da ita, wato shiga cikin gidaje, inda za ta iya koya wa 'yan mata da matan aure karatu da lissafi, ta kuma ƙarfafa masu juna biyu su je awo. Ganin ta ta dawo da kamun kai da girmama manya yana sa iyaye su saki 'ya'yansu mata fiye da duk wani jawabi da za a yi a rediyo.

Damina lokacin cuta ce, kuma ɗalibi bai fi ƙarfinta ba. Zazzaɓin cizon sauro yana tsananta daga Yuli zuwa Oktoba, shi ya sa ake bi gida-gida wata-wata ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi, bisa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2012. Maganin na kwana uku ne a kowane zagaye, kuma mai karatu a gida zai iya tabbatar da cewa an ba yaro na rana ta biyu da ta uku bayan ma'aikata sun wuce. Ya kwana cikin gidan sauro ya sa ƙannensa su kwana, ya hana su wanka a kududdufi, inda ake kamuwa da tsargiya kuma ake rasa yara ta hanyar nutsewa kusan kowace damina. Ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Jigawa, musamman garuruwan da ke bakin kogin Haɗeja, ta nuna cewa yashe magudanar ruwa da duba katangar ƙasa kafin malka aiki ne na ceton rai, kuma aikin gayya irin wannan matasa ne suke da ƙarfin jagorantarsa. Ga ɗaliban fannin lafiya kuwa akwai gargaɗi na musamman: mutanen gari za su fara kiran su "Likita" tun suna aji biyu, su kawo musu marasa lafiya, kuma daɗin wannan suna yakan ja wasu su rubuta magani ko su yi allura. Abin da ya dace shi ne su raka mara lafiya asibiti, su taimaka masa ya fahimci abin da ma'aikacin lafiya ya ce.

Da dare, a majalisa ko teburin mai shayi, ɗalibi zai tarar da abokan da suka taso tare, waɗanda wasunsu sun yi aure, wasu suna acaɓa, wasu sun je cirani Legas ko Abuja sun dawo noma. Kada ya guje su, kada kuma ya mayar da kowace hira lacca, ko ya ɗauko gardamar aƙida da ta siyasa da ya koyo a makaranta ya raba kan mutanen da suke sallah a masallaci ɗaya. Sauraro ya fi yi masa amfani. Tsofaffin da suka ga farin shekarun 1973 da 1984, suka ga zamanin dalar gyaɗa a Kano da ranar da Dutse ta zama babban birnin jiha, suna raguwa kowace shekara, kuma abin da suka sani game da asalin unguwanni da rijiyoyi da burtalai da sunayen gonaki ba a rubuce yake ba. Wayar da ke aljihunsa tana iya naɗar muryarsu idan sun yarda. Ɗalibin tarihi ko Hausa ko labarin ƙasa ko tattalin arziki da ya yi haka zai isa shekarar ƙarshe da abin rubuta kundin digirinsa a hannu, daga garinsu, maimakon kwafo aikin wani daga intanet. Ziyarar yini ɗaya zuwa Garu, tsohon garin Dutse inda fadar sarki take, ko zuwa zane-zanen kan dutse na Birnin Kudu, ba ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba, kuma abin takaici ne a ce baƙi daga nesa sun san waɗannan wurare ɗan yankin bai taɓa taka su ba.

Idan hutu ya zo ƙarshe, galibi gero ya fara nuna, ana gasa tumu, hankalin gida ya fara kwanciya. Ɗalibi ya duba shafin makarantarsa da kansa ya tabbatar da ranar komawa da ranar rufe rajista, ya sanar da mahaifinsa adadin kuɗin da ake buƙata tun da sauran makonni, ba tare da ƙara ko kwabo a kai ba, domin kuɗin manomi ba a aljihu yake ba, sai an kai dabba ko buhu kasuwa, kuma wanda ya sayar cikin gaggawa yakan sayar da asara. Ya koma a makon farko, tunda malamai da yawa suna fara darasi ko da ɗalibai ba su cika ba. Ya sake zagaya gidajen da ya gaisar da farko ya yi musu sallama ya nemi addu'arsu, ya damƙa littafin lissafin gona da ajin zaure ga wanda zai ci gaba da su. Ana kira ga ɗaliban Kiyawa da kewaye, maza da mata, da su zauna da iyayensu tun a makon farko na hutu mai zuwa, su tsayar da aikin da za su ɗauka a gida, da darasin da za su gyara, da yaran da za su koyar, su kuma fara tun washegari.